Ƙarfen da za a sa mini a baki, daga bakin wa ya fito?

Yau maganar haƙori na zo da ita. Na san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wa ke ta haƙori? To, wanda ya taɓa kwana zaune da tafi a kunci, yana jiran kiran assalatu kamar mai jiran ceto, ba zai yi wannan tambaya ba.

Bara, bayan an gama kai hatsi rumbu, gwaggona ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda matauninta na ƙasa. A ƙauyenmu da ke cikin komin ɗin Gidan Amumune, duk abin da aka saba yi wa ciwon haƙori an yi mata. An cusa kanumfari a ramin, an sa garin taba, ta kuskure baki da ruwan gishiri, an sayo ƙwayoyi ja da fari wajen mai tebur. Da ranar kasuwa ta zagayo aka ce mai cire haƙori ya zo, ni da kaina na ɗora ta bisa moto na kai ta. Ban ɓoye ba, ni na kai ta.

Mun tarar da shi ƙarƙashin bedi, ya shimfiɗa tabarma, ga kwalba cike da haƙoran mutane ya aje gaba don talla. Awartakinsa biyu suna cikin kwanon ruwa, ruwan har ya fara ja. Gwaggo ce ta huɗu a layi. Ya fizge haƙorin, ya danna mata auduga, muka biya jika guda muka koma gida tana sa mini albarka.

Kwana huɗu bayan nan muƙamuƙinta ya kumbura har ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Da muka kai ta likita, majo ya duba ta sau ɗaya ya ce kada mu kwana, mu wuce birni, don in mugunyar ta sauka wuya tana iya toshe numfashi. Akuyarta biyu aka sayar. An yi mata allurai, an tsaga an fitar da mugunya, Allah ya sa da sauran kwana.

Da labarin ya tsaya nan, da sai in ce laifin jahilci ne da talauci, in rufe baki. Amma akwai kashi na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai.

Ashe haƙorin karyewa ya yi, guntun saiwa ya rage a ciki. Da kumburin ya saɓe, muka je wani ɗakin gyaran haƙori mai zaman kansa a birni don a cire ragowar. Wuri ne mai kyan gani: daɓen tayil, fanka na juyawa, kujera mai hawa da sauka, ma'aikata cikin fararen riguna. Ina tsaye bakin ƙofa na ga yaron da ke taimakawa ya kwashi ƙarafan da aka gama aiki da su a bakin wani dattijo, ya goge su da auduga da alkol, ya mayar bisa faranti. Mai aikin kuma ya amsa waya da safar hannun da ke hannunsa, ya aje wayar, ya ce gwaggo ta hau kujera. Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, an dafa kayan nan kuwa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai lokotoro ne?" Gwaggo ta jawo rigata ta ce, "Ɗana, bari mutane su yi aikinsu, mu dai lahiya muka zo biɗa." Na yi shiru. Ni da na yi shekaru a jami'a, ni da nake tsayawa gaban taro ina maganar haƙƙin talaka, na yi shiru aka sa mata ƙarfen a baki.

Wannan shirun ne ya sa na zauna na yi karatu a kan lamarin, kuma shi ya sa nake rubuta wannan. Abin da na gano shi ne, tsakanin tabarmar kasuwa da kujera mai hawa da sauka, bambancin da ke kare ran mutum ɗaya ne: abin da aka yi wa ƙarfe bayan ya fito daga bakin wani, kafin ya shiga naka. In ba a yi komai ba, tayil da fanka ado ne kawai.

Aikin haƙori aikin jini ne. Ko wankin haƙori aka yi maka, dasashi yana fitar da jini, balle cirewa. Kuma akwai cututtukan da jini ne hanyarsu: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da ƙwayar cutar sida. Mu mun fi tsoron sida, alhali nau'in B ya fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba. Idan allurar da ta taɓa jinin mai sida ta soki mutum, haɗarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1000. Idan ta mai ciwon hanta nau'in B ce, yana iya kaiwa 30 cikin 100. Ƙwayar tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini bisa ƙarfe ko tebur, jinin da ido ma ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kusan miliyan 65 daga cikinsu a Afirka, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Dattijon da ya sauka daga kujera kafin gwaggo, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Mai yiwuwa kuma yana ɗauke da ita shi kansa bai sani ba.

A Nijar, allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga cikin alluran jarirai a 2008. Kenan ni, da ku da kuke karanta wannan, da iyayenmu, galibinmu an haife mu kafin nan, babu abin da ke kare mu. Mugun halin ciwon kuma shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Yana iya kwanciya shekara ashirin yana cin hanta, sai wata rana ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, a ce shawara ce, ko a ce sammu aka yi wa bawan Allah. Wa zai tuna da awartakin da aka sa masa a baki tun yana saurayi? Shi ya sa mai sakaci da kayan aiki ba a taɓa kama shi. Gawarsa tana faɗuwa nesa da ƙofarsa.

To mene ne ƙa'idar? Ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa, kuma kowane ma'aikacin lafiya an koya masa shi a makaranta. Ƙarfen da aka yi aiki da shi, a fara wanke shi da ruwa da sabulu da buroshi har jini da ƙazanta su fita, a busar, sannan a sa shi cikin tukunyar tururi mai matsi da ake kira otokilab. A zafin digiri 121 yana buƙatar minti 20 zuwa 30, a digiri 134 ƴan mintoci sun isa. Inda ake amfani da tanda mai busasshen zafi, wadda ma'aikatanmu ke kira pupinel, sai ya yi awa guda cur a digiri 170. Tafasa shi a ruwa ya fi babu, amma ruwa ba ya wuce digiri 100, kuma akwai ƙwayoyin da ke tsira a haka. Goge shi da alkol kuwa, wannan ba ya cikin lissafi. Allura da sirinji da kwalbar maganin kashe zafi, mutum ɗaya ake yi wa amfani da su a jefa cikin kwalin da aka tanada. Safar hannu sabuwa ga kowane mutum, bayan an wanke hannu. A goge kujera da fitila da faranti tsakanin mutum da mutum.

Akwai kuma tambayoyin da dole a yi maka kafin a taɓa bakinka: kana da hawan jini? ciwon suga? sikila? ke kina da ciki? jininka yana daɗewa bai tsaya ba in ka yanke? wani magani ya taɓa tayar maka da ƙaiƙayi ko kumburi? Gwaggo tana da hawan jini. A kasuwa ba a tambaye ta ba, a birni ma ba a tambaye ta ba. Bayan an gama aiki, a gaya maka abin da za ka yi da wanda za ka bari, da alamun da in ka gani za ka komo a guje: kumburin da ke ƙaruwa, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya. Duk wanda ya karɓi kuɗinka bai yi waɗannan ba, rabin aiki ya sayar maka.

Kada a ce wannan tsarin ƙasashen masu kuɗi ne. Akwai otokilab da ba ya buƙatar lantarki, bisa gas ko gawayi ake ɗora shi kamar tukunya. Wanda ya iya sayen kujera mai hawa da sauka da allon talla mai haske ya fi ƙarfin kuɗinsa. Abin da ke faruwa shi ne, dafa kaya yana cin lokaci, kuma yana buƙatar ƙarafa da yawa don a yi aiki da wasu yayin da wasu ke kan wuta. Mai awartaki biyu da mutum goma a layi, in ba wanda ke duba shi, ka san abin da zai zaɓa.

Kuma kada mu ɗauka sakaci halin baƙar fata ne. A 2013, a birnin Tulsa na Amurka, hukumomin lafiya sun kira mutum kusan 7,000 su zo a gwada jininsu bayan an tarar da wani likitan haƙori yana aiki da kayan da suka yi tsatsa, kuma bincike ya tabbatar cewa ciwon hanta nau'in C ya tashi daga wani majinyaci zuwa wani a ɗakinsa. A 2014, a yankin Nottingham na Ingila, mutum kusan 22,000 aka kira bayan an ɗauki hoton wani likitan a ɓoye yana aiki ba ya canza safar hannu. Daga baya aka soke sunansa daga rajistar likitocin haƙori. Abin lura a nan: can ma ana samun mai sakaci, amma akwai mai bincike, akwai rajistar da ke nuna wa da wa suka zauna bisa kujerar, akwai hukunci. Mu a nan, in yau aka gano cewa mai awartakin kasuwarmu ya yaɗa cuta, wa za a kira? Ko sunan gwaggo bai tambaya ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: "Da babu gara ba daɗi. In kun kori mai awartaki, wa zai cire mana haƙori?" Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, Afirka tana da likitan haƙori kusan 3 ga kowane mutum 100,000, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya, kuma ƴan kaɗan ɗin da muke da su a Nijar sun taru ne a Yamai da manyan birane. Mutumin Gidan Amumune, ko na Cake, ko na Isawan, ko na ƙauyukan arewacin Tasawa, in haƙori ya tasa shi gaba sai ya lissafa kuɗin moto zuwa bakin hanya, kuɗin mota, abinci, masauki, da ranar aikin da zai rasa. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin magani a asibitocinta, kuma an ji daɗin hakan. Amma ragin kuɗi bai rage nisan hanya ba. Gwaggo ba don tana son tabarmar kasuwa ta zauna bisanta ba.

Sai dai ku duba lissafin da kyau. Jika guda muka biya a kasuwa, akuya biyu muka biya daga baya, kuma saura kaɗan mu biya da rai. Araha ba ta ado. Rashin likita hujja ce ta neman a kawo mana likita. Bai zama hujjar a sa mana ido ana wasa da jininmu ba. Kuma ɗakin da muka je a birni ba shi da wannan uzuri ko kaɗan.

Maganar ta fi tsanani idan aka zo kan yara. Yankinmu yana cikin inda cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, ta fi yin ɓarna. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga dasashi take farawa: ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya riƙa wari. A wannan mataki, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. In aka bar ta, cikin ƴan kwanaki take cin kunci da leɓe har ƙashi, kuma tana iya kashe 9 cikin 10 na waɗanda ba su samu magani ba. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun farkon shekarun 1990, a Sakkwato akwai asibiti guda na cutar tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Tun 2006 doka ta ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar. Amma sau nawa kika kai ɗanki awo aka ce ya buɗe baki a duba dasashinsa? Wannan duban ba ya cin ko dala, kuma shi ma yana cikin ingancin aiki.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a ciki.

Daga ma'aikatar kiwon lafiya ta jahar Maradi da shugabannin lafiya na gundumomin Mayahi da Tasawa: a ƙidaya duk wuraren da ake taɓa haƙori, na gwamnati da na kuɗi. A riƙa kai musu ziyarar ba-zata, a buɗe otokilab a ga yana aiki, a duba littafin da ake rubuta ranar da aka dafa kaya da wanda ya dafa. Takardar izinin aiki da shaidar karatun mai aiki su kasance a manne a bango inda kowa zai gani. Wanda aka samu da sakaci a ba shi wa'adi, in bai gyara ba a rufe.

A tsara ranar haƙori, ko sau ɗaya a wata, inda ma'aikacin haƙori zai zo CSI na manyan garuruwa ranar kasuwa da kayansa dafaffu. Ranar da mutane suka san akwai inda za su je, tabarmar ƙarƙashin bedi za ta naɗe kanta. Akwai ma hanyar cike ramin haƙori da kayan hannu, ba injin ba lantarki, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980, kuma tun 2021 sinadarin da ake cikewa da shi yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Haƙori da yawa da ake fizgewa a kasuwanninmu, da an tare su da wuri da suna nan ana tauna da su.

Daga hukumomin komin da kwamitocin COGES: kuɗin da ake tarawa a likita na jama'a ne, ku tambaya ko akwai abin dafa kaya kuma yana aiki. Ma'aikatanmu na ƙauye da yawa suna aiki da zuciya ɗaya cikin rashin kaya, wani da fitilar waya yake karɓar haihuwa. Majon da ya ce kada mu kwana shi ya ceci gwaggo. Irinsa kayan aiki suke buƙata daga gare mu, da allurar rigakafin ciwon hanta, don su ne hannunsu ke cikin jini kullum.

Wanzamanmu kuma, masu kaciya da ƙaho da cire beli, a zauna da sarakunansu a yi magana ta mutunci. Sana'ar gado ce, mutane sun yarda da su, kuma aska ɗaya ga mutum ɗaya abu ne da za su iya. Amma cire haƙori da allurar kashe zafi a kasuwa, wannan a hana shi.

Saura mu. Ɗan uwa, ƴar uwa, in ka zauna bisa kujerar nan, bakinka ne, jininka ne, kuɗinka ne. Ka tambaya da ladabi: an dafa kayan nan? A buɗe allura gabanka. A sa sabuwar safar hannu gabanka. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, wani ma zai kai ka ya nuna maka tukunyar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ce maka "kai lokotoro ne?", ka ce a'a, ni mai bakin ne, ka tashi ka kama hannun mara lafiyarka ku fita. Kuma ku bar haɗiyar ƙwayoyin mai tebur in kunci ya kumbura. Suna kwantar da zafi ne mugunya tana ci gaba da tafiya a ciki.

Wata shida bayan abin da ya faru, na lallashi gwaggo muka je aka gwada jininta. Kwanan da muka yi muna jiran sakamako ban yi barcin kirki ba. Ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Da na gaya mata, sai ta ce, "To, su waɗanga da ke bayana a layi fa?" Ban da amsa. Mutum biyar na bari zaune bisa tabarmar nan ran nan, har da wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, kuma mai awartakin yana nan yana zagaya kasuwanni.

Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi ko da wani nasa, a kasuwa ko a ɗaki mai tayil, ya rubuta ranar da wurin da abin da ya gani da idonsa, ban da ƙari ban da ƙage. Mu tattara mu kai wa shugabannin lafiya na gunduma a rubuce, mu karɓi shaidar cewa sun karɓa, mu koma bayan wata guda mu ji inda aka kwana. Ni zan fara da nawa, har da shirun da na yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.